Minti Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyu na dare a Gdansk.
Ƙanƙara ta daskare a bakin tashar jiragen ruwa.
Ni da shayin da ya huce da alluna uku
muna gadin albashin mutum dubu tara.

Aikin kan tashi da sha biyu.
Ran da ya ga dama, minti ashirin ya sauke kaya.
Ƙarshen wata kuwa jan ƙafa yake yi
kamar wanda aka aika inda ba ya so,
amma yana isa.

Bozena, da ta riƙe kujerar nan kafin ni,
ta ɗaura ƙararrawa a minti ashirin da biyar.
Dare goma sha ɗaya a jere wayarta na kuka,
ta tashi a firgice, ta tarar lafiya lau.
Na sha biyu ta tura wayar ƙarƙashin matashi.
A daren ne rumbun bayanai ya datse ƙofa,
aikin ya sandare da ido buɗe,
fitilarsa kore shar, tana ƙarya har asuba.
Masu walda suka je banki da safe,
suka dawo hannu rabbana.

Ziemowit, shugabanmu, ya ce a kai ta awa uku
kowa ya samu barci.
Awa uku!
Ai kafin nan an yi jana'iza an watse.

Sai na baje tarihin wata shida a gabana,
dare ɗari da tamanin, kowanne da tsawonsa.
Na tsince na ƙarshen wata gefe guda
kamar mai tsince tsakuwa a wake.
Mafi nawa cikin masu rai:
minti arba'in da ɗaya.
Na ƙara masa shida, don halin yau da gobe.
Arba'in da bakwai, rawaya:
saƙo kawai, ba kuka,
ya jira ni har in farka.

Ja kuwa ban ba agogo ba.
Sannu ba ta hana zuwa, tsayawa ce ke hanawa.
Na ce wa na'urar: kar ki tambaye shi yaushe ya fito,
tambaye shi yaushe rabonsa da ɗaga ƙafa.
In minti biyar ta wuce bai rubuta layi ɗaya ba,
tashe ni, ko ina tsakiyar mafarki.

Na iya wannan.
Abin da ban iya ba yana Tczew,
hawa na uku, gidan da babu lif.
Tun rasuwar Mama
Baba kan turo kalma biyu ƙarfe bakwai:
na tashi.
Ran Laraba bakwai ta gota da kwata, shiru.
Da rabi na kira maƙwabciyarsa Halina,
ta hau da mabuɗi, numfashi sama-sama,
ta same shi a taga yana watsa wa tattabaru hatsi,
wayar na caji a kicin.
Kwana biyu yana fushi.
Ya ce, ni ba injinki ba ne,
tsufa nake yi, ba mutuwa ba.

To, Baba, minti nawa zan sa maka?
In na gajarta, na hana ka sakewa.
In na tsawaita...
Wannan layin ban taɓa ƙarasa shi ba.

Minti talatin da uku.
Lambobi na hawa, ɗaya bayan ɗaya,
dubu bakwai da ɗari biyu, da ɗari uku.
Yana tafe. Na ƙyale shi.
Na adana saitin, na rage hasken allo,
na juyo da fuskar wayata sama.

Saura awa huɗu da wani abu
bakwai ta yi.